Matar da Ke Yawon Ɗiban Wuta

A gidanmu na Zongon Wagadugu, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke bayan magariba, manya su yi tsaki, mu yara mu yi murna. Mun san telebijin ɗin maƙwabta ya mutu, ba sauran wurin zuwa sai gindin murhun Yaba. Kakarmu ce ta wajen uwa. Sunanta Dije, amma Yaba muke ce mata, yadda 'ya'yan Mosi ke kiran kakanninsu, ita kuwa kullum sai ta ce mun sayar da ita ga Mosi ba a ba ta ko dala ba. Daga wajen Ƙonni aka kawo ta tana amarya, mijinta direban babbar mota, kuma har ta koma ga Allah bakinta bai baro can ba.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, faɗa kullum. Ba wanda ke da komai cikakke. Turmi na wannan ne, taɓarya ta waccan, rariya kuwa har na girma ban san ainihin mai ita ba. Ni ce 'yar aike. "Hadiza, je ki ce Maman Awa ta sam mana gishiri." In na je sai an tambaye ni yadda Yaba ta kwana da ƙafa, in na dawo sai Yaba ta tambaye ni me na gani a tukunyarsu. Haushi nake ji a lokacin, ina ganin talauci ne kawai ke gajiyar da ƙafafuna.

Mutum ɗaya ne Allah ya buɗa wa a cikinmu, Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata. Atamfa da shadda yake sarowa wajen Kanawa. Yana son matarsa, Tanti Zulai, son da har kunya yake ba manya. In ta yi tari sai ya tayar da babur ya tafi neman magani. Ita kuwa mace ce mai son mutane. A bakin famfo ake jin dariyarta, ita ke yi wa rabin gidan kitso, ita ke raba faɗa, wani lokaci ita ke haɗa shi. A shekarar da nake faɗa, Kawu yana gab da gama gina mata gida can gaba da unguwar Wemtenga, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Kowa na yi mata barka. Amma in aka ɗauko zancen tashi, sai ta sunkuyar da kai cikin tukunya. Ba ta son tafiya, kuma ba ta da bakin faɗa. Wa zai ce ba ya son gidan da aka gina dominsa?

Ran nan da kuran ya ɗauke, Kawu yana tsakar gida, zaune kan benci yana kaɗa makulli. Tanti Zulai na kwashe tuwo. Yaba ta tura itace cikin murhu, ta dube mu, ta ce, "Ga wata nan, in kuna da kunnen ɗauka." Muka ce ta kawo.

Wai a wani gari an yi wani attajiri, bafatake, da ya auri ɗiyar talakawa, yana sonta kamar ransa. A zamanin ba ashana. Wadda wutarta ta mutu da dare, da asuba sai ta ɗauki tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi, a gaisa, a ji wa ya kwana lafiya, wa ya kwana da ciwo. Wata safiya attajirin ya ga matarsa a ƙofar maƙwabta riƙe da tsingaro, tana dariya da matan gidan. Abin ya sosa masa rai. Ya ce matarsa ba za ta ƙara roƙon komai ba muddin yana numfashi. Ya haƙa mata rijiya a cikin gida. Ya sayo turmi da dutsen niƙa, ya jibge mata gishiri. Da ta ga hanyoyin fita suna ƙarewa, sai ta riƙa yayyafa wa murhunta ruwa da dare, don ta sami dalilin zuwa ɗiban wuta. Shi kuwa ya zaci itacen ne ba kyau, ya sa aka kawo mata ƙirya, wadda ke kwana da garwashi ko an yi mata yayyafi.

"To maƙwabtan ba sa zuwa wajenta?" in ji ni.

"Suna zuwa, uwar tambaya," Yaba ta ce. "Sai shi ga suna cinye mishi hirar matarshi. Mutumin ba marowaci ba ne, ku ji da kyau. Ya hura musu wuta a ƙofar gida, wadda ba ta mutuwa, kowa shi ɗiba shi wuce. Ya ƙara wa katanga tsawo. Gari duka na yabon alherinshi."

Sai fatauci ya kai shi Gwanja, ya yi watanni. Ciwo ya kama matar. Hayaƙin gidanta ya daina tashi, amma katanga ta yi tsawon da ba mai gani, kuma ba wanda ke da abin nema a ciki. Ranar da ya dawo da jakuna cike da tsarabarta, ya same ta a gefen murhu, ta daɗe da cikawa, rumbuna a cike, rijiya da ruwa.

Nan Yaba ta rage murya. Ta ce tun daga lokacin, da asubar fari, matan garin kan ji sallama a bakin ƙofa. In sun leƙa sai su ga mace a lulluɓe ta miƙo tsingaro. Don tsoro sai su zuba mata garwashi da sauri su rufe ƙofa. Garwashin yana taɓa tsingaron sai ya mutu, ita kuma ta wuce gida na gaba.

Na matsa jikin Tanti Zulai. Ƙanena ya tambaya me ya sa ba ta daina ba, tunda wutar ba ta kamawa.

"Ba a ce mata ina kwana ba," in ji Yaba. "Har yau ba a samu mai ce mata ba."

Ba ta rufe da kan kusu yadda ta saba ba.  Kawu Ilu ya fashe da dariya. "Kai, Iya! Ai matsalar mutanen da ke nan. Da akwai portabul, shi ke nan, da ta kira shi kawai." Yaba ta dube shi har dariyar ta ƙare da kanta, sannan ta ce a kwashe kwanuka. A satin ya saya wa Tanti Zulai portabul ɗin, wato wayar hannu, irin wadda ba kowa ke da ita a Zongo ba.

Na daɗe ina tsoron asuba. In na ji an taɓa ƙyaure sai in shige cikin zanen mahaifiyata, ko da na san Maman Awa ce ta zo aron ludayi.

Kawu da Tanti Zulai suka tashi zuwa sabon gidan bayan salla. Da hutun lakwal, wato makaranta, aka kai ni na yi mata kwanaki. Ban taɓa ganin gida irinsa ba: tukunyar gas, firji, famfo har cikin ɗaki, mai gadi a ƙofa wanda ba ya jin Hausa. Ba abin da za a aike ni nema. Na yi murna kwana ɗaya, kashegari shirun ya fara damuna. Tanti takan kira Yaba a waya, su gaisa, sai magana ta tsaya, don can gida hira a kan tsinken kitso da bakin turmi take zuwa, ba a kiranta da gangan. Da yamma Kawu zai dawo da leda a hannu, fuskarsa cike da farin ciki, ya ce, "Ga ki ke kaɗai, ba mai damunki." Da gaske yake faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan yanzu. Ranar da zan koma, ta riƙe hannuna a bakin ƙofar ƙarfen, mai babur yana jira, ta yi ta tambayata labarin mutanen da na riga na ba ta labarinsu.

Ba ta mutu a gidan ba, alhamdu lillahi. Bayan rasuwar Yaba da 'yan shekaru, wata safiya ta fita da zanen jikinta, ba faɗa, ba zagi. Yanzu tana unguwar Gounghin, ɗaki ɗaya a gidan haya, tana kitso. Ta rame, ta tsufa, kuma in ka shiga layin muryarta za ka fara ji. Kawu bai sake aure ba. Yana aika mata shinkafa, tana rabar wa gidan.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta fatalwa ce. Da na yi aure na ɗauka ta mugun miji ce. Yanzu ban iya cewa haka ba, don na san Kawu, kuma ban taɓa ganin namijin da ya so mace kamarsa ba. Sai dai duk abin da ya ba ta, ya ba ta ne don ta zama tasa shi kaɗai, kuma dukiya ta ba shi ikon yin abin da talaka sai dai ya yi fatansa. Shi bai san ya yi ba.

Bara na je gaishe shi. Ya tsufa, yana zaune a babban falon nan, fitila ɗaya a kunne. Muka gaisa, sannan ya ce, "Hadiza, ke mai ilimi ce. Don Allah in kin je ki tambayar mini ita, me na rage ta da shi?"

Na je na tambaye ta. Tana tsefe wa wata yarinya kai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki gaishe shi. Ki ce masa duk shekarun da na yi a gidan nan, ba wanda ya taɓa buƙatata sai shi, shi ma sai dare."

Har yau ban kai masa saƙon ba. Duk sanda ya kira ni, sai ya tambaya ko na je.