Gonar Talle a Majigi

Har Allah ya karɓi ransa ba wanda ke ce masa Talle kawai, sai Talle Majigi, domin duk yankin Kunci shi kaɗai aka taɓa nuna gonarsa a farin ƙyalle. In baƙo ya ji haka sai ya ce, "Kai, ya yi sa'a!" Mutanen gari kuwa sai su sunkuyar da kai, kada dariya ta ƙwace musu.

Maraya ne, kamar yadda sunan ya nuna. Kawunsa Dogo ya raine shi, ya bar masa 'yar gona a kwari, da taurin kai. A ƙasar nan gona na jingine da gona, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara, mai son ƙari sai dai ya ƙara taki. Duk rani Talle na bayan jakinsa da mangala, yana jidar toka da kashin awaki, har ana tsokanarsa wai gonar ta fi matarsa Hure jin daɗinsa.

Abu ɗaya ke raba shi da aiki, majigi. In motar gwamnati ta kafa ƙyalle a ƙofar Dagaci bayan magariba, Talle ne a sahun gaba. Labarin kullum ɗaya ne: ga manomi na gari da babbar riga, rumbunsa maƙil, ga malalaci yana hamma a gindin bishiya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a ransa yana ganin wannan mai rigar ba abin da ya fi shi sai sa'ar haɗuwa da masu kyamara.

Sai shekarun fari suka zo. Gyaɗa ta ƙone, dawa ta tsaya iya gwiwa. A shekarar da ta fi tsanani, kwarin Talle ne kaɗai ya riƙe laima, geronsa ya fitar da zangarniya abin sha'awa. Wannan geron ne tsakanin gidansa da yunwa, shi ne kuma irin baɗi. Matsalar ita ce ba Talle kaɗai ya lura ba. Tsuntsayen jan-baki, da suka rasa ko'ina, suka yo kansa. Ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye, tun asuba yana ja yana ihu har muryarsa ta dishe. Saura ƙiris a yi girbi.

Ana haka sai ga mota Landiroba, ga Dagaci a gaba, da wani Bature, da tafintansa Muntaka, mutumin birni.

"Baba, majigi muka zo ɗauka," in ji Muntaka. "An ce mana duk yankin nan babu gona kamar taka."

Talle bai tsaya jin sauran ba. Ya ruga gida ya sako rigarsa ta Juma'a, ya dawo ya tsaya gaban kyamara da fartanya a kafaɗa, yana murmushin da ya daɗe yana tanadi. Bature ya yi masa nuni da hannu, irin yadda ake korar kaza daga shanya. Muntaka ya fassara masa.

"Ya ce ka ɗan matsa, Baba. Kuma a kwance gwangwanayen nan, na yau kawai. Tsuntsayen yake so su sauka."

"Su sauka ina?"

"A geron mana."

Talle ya dubi Dagaci. Dagaci ya dubi takalminsa, ya ce, "Baƙon gwamnati ne, Talle."

To, talaka ba ya cewa a'a a gaban Dagaci, balle da baƙo a tsaye. Ban da haka Talle ya san majigi ciki da waje: da masifa ake farawa, sannan a nuna gwarzon da ya yi maganinta. Za su ɗauki ɓarayin, sa'an nan a kira mai gona ya kore su duniya na kallo. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Da hannunsa ya kwance igiyoyin.

Tsuntsayen suka sauka kamar an kife kwando. Talle na tsugune bayan mota cikin babbar riga, yana jin ƙarar bakunansu a zangarniya. Bature kuwa daɗi kamar ya taka rawa. Amma hadarin da ya ƙi ba da ruwa duk damina, ran nan ya ga dama ya zo ya tare rana. Aka ce haske bai yi ba, sai gobe. Tsuntsun da ya ci lafiya yau kuwa, gobe da danginsa yake zuwa.

Washegari aka wuni ana ɗaukar tsuntsaye. Da yamma Talle ya gyara hula ya ce, "Malam Muntaka, saura ni."

"Ayya, Baba, zaren ɗaukar ya ƙare."

Suka yi masa godiya ƙwarai, suka bar masa gwangwanin da zaren ya fito a ciki.

Abin da ya tsira na geron bai kai su lokacin sanyi ba. Jaki ya tafi kasuwa bai dawo ba. Gidan da ake zuwa roƙon iri ya koma cin dusa da tafasa, Talle ya tafi cin rani Kano yana ga-ruwa. Haushin Bature bai dame shi kamar haushin kansa ba, don shi ya ce to.

Bayan an yi wata damina, motar majigi ta dawo, aka ce yau na Talle za a nuna. Gari ya taru, har matan aure suka fito suka laɓe bayan danga. Gaskiya abin ya yi kyau. Ga zangarniya kamar taɓarya, ga tsuntsaye suna juyi a sama, ana kiɗa mai taushi. Mai lasifika ya ce, "Jama'a, ku dubi ikon Allah! Can cikin dajin da babu ɗan Adam, ga yadda tsuntsu ke samun abincinsa!" Ko hular Talle ba ta fito ba.

"Talle, ashe a daji kake noma?" wani ya ɗaga murya. Aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, don ba yadda zai yi.

Da ya shiga gida ya tarar da Hure zaune bakin murhu, ba ta ce masa sannu ba. Matar aure ce, ba ta zuwa gona. Abin da ta sani na geron waccan shekarar shi ne 'yan dammunan da aka shigo mata da su duk a tsattsage, kuma da ya ce mata shekara ce ta zo da haka, ba ta ƙara tambaya ba. Yau a majigi ta fara ganin geron a tsaye.

Ta daɗe tana tona toka da tsinke, sannan ta ce, "Malam, ashe haka geron ya yi?"

Ya ce, "Haka ya yi."

"Ashe da mun ƙoshi."