Subiyar Baba

Muna ajiye cokalin sahur muka fara loda kaya a mota, ko assalatu ba a gama kira ba. Ni da matar wana ce, za mu Kano daga Katsina mu hau jirgin Riyad, domin ƙanena da ke aikin injiniya a can matarsa ta haihu, ya aiko mana da bizar ziyara. Kafin in fita na leƙa ɗakin Baba in yi masa sallama. Tun damina yake kwance, kuma abin da ya fi ciwon tayar mana da hankali shi ne ƙin cin abinci. A dama kunu ya kau da kai, a yi farfesu ya ce ɗaci yake ji. Ya rame har kunyar kallon wuyansa nake yi.

Na durƙusa na ce, "Baba, me za a kawo maka? Jallabiya ko turare?"

Ya ce, "Uwata," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, "in kin samu subiya ki kawo min."

Subiya dai tun muna yara muke shan labarinta. Wani abin sha ne na sha'ir da ya sha a Makka shekarar da suka yi umrar azumi da marigayiya Innarmu, kuma tun daga nan duk zoɓo da kunun ayar duniya a bayanta suke. Mutumin da ya yi watanni bai ce yana sha'awar komai ba, yau ya ambaci abu da bakinsa! Na ce masa in sha Allahu ko a ƙarƙashin ƙasa take sai na haƙo ta.

Hanyar Kano ba sai na gaya muku ba, kun san ta. Direbanmu yana kauce wa rami yana faɗa wa wani, matar wana tana jan carbi tana yi masa faɗa a tsakanin tasbihi. Jirgi ya ya da zango da mu a wata ƙasa, muka sha zama a kujerun ƙarfe har baya ya sage, sannan muka ci gaba. Da muka sauka Riyad ƙanena na tsaye yana jiranmu, ya yi ƙiba ya yi haske, sai "yalla, yalla", wato mu yi sauri, yake ce mana kamar ba a Ƙofar Sauri aka haife shi ba.

Jama'a, garin nan ya yi. Ni ba mai saurin yabo ba ce, amma titin da ya ɗauko mu daga filin jirgi sumul yake kamar an goge shi da dutsen guga, gada kan gada, ba rami ko na ɓera. Har jirgin ƙasa gare su da ke tafiya ba direba, matar wana ta ce ita ba da ita ba, ba ta shiga abin da ba wanda za ta yi wa faɗa. Abin da ya fi shiga raina kuwa shi ne dab da magariba. Motoci na tsaye a danja, sai ga samari sun ɓullo da kwalaye suna miƙa dabino da ruwa da nono ta taga, ba su tambayi ƙasarka ba, ba su jira godiya ba. Ƙanena na zaune a Jaradiya, tsohuwar unguwa ce yamma da tsakiyar gari, gidajen bene masu ruwan ƙasa, ko'ina baƙala, wato ɗan shagon kayan masarufi. Farashi kuwa, kada ka kuskura ka juya riyal zuwa naira a ranka, in ba haka ba ko tumatir ba za ka iya haɗiya ba.

Na ga jaririya, na yi mata wasa, na ba uwarta abin da aka aiko, sannan na kawo maganar Baba. Ƙanena ya ce abin sha na sha'ir ai ba wahala. Washegari ya shigo da katan guda na kwalabe masu kala-kala, irin haɗin da ake yi don azumi, kowane ɗanɗano an sa kaɗan. Su can "bira" suke ce masa, amma babu ko ɗigon abin maye a ciki, sai da ya karanta min jikin kwalbar da Larabci da Turanci kafin na yarda na taɓa. Da aka sha ruwa muka baje su a tabarma muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mai tuffa yana da sanyin daɗi. Mai rumman, wannan ɗan itacen mai jajayen 'ya'ya, shi ya tafi da ni, ɗan tsami ɗan zaƙi, yana tsikarin harshe. Mai lemon tsami da na'ana'a matar wana ta kama ta riƙe ta ce nata ne. Wanda ba a sa wa komai ba kuwa ɗaci gare shi kamar an jiƙa ƙanzo, kurɓi ɗaya na yi na miƙa wa mai gidan. Mun sha daɗi, mun sha gyatsa, amma na san ba wannan Baba yake nufi ba. Tasa fara ce, ya sha faɗa mana, mai kauri kaɗan, kuma ba a kwalba take ba.

Sai bayan la'asar ɗin wata rana, muna dawowa daga asibitin da aka kai jaririya awo, na hango layin motoci a bakin titi da wani mutum tsaye gaban manyan kuloli. Yana zaro ledoji ƙullallu masu raɓa, fari da ja da ruwan ƙasa. Ƙanena ya ce, "Af, Yaya, ga subiyarki nan." Haba, kafin ya gama tsayawa na buɗe ƙofa. Mai sayarwa ya yi mana bayani, ƙanena na fassara: farar ta sha'ir ce zalla, jar an sa mata ɗanɗanon 'ya'yan itace, ruwan ƙasar kuma ta tsamiya ce. Sana'ar azumi ce, da an ga watan Sallah za su naɗe kulolinsu sai wata shekara. Na ce a ba ni kowacce.

Da aka kira salla na fara da farar. Allahu Akbar! Sanyi ya bi min ƙirji har cikin ido. Tana da ƙamshin kirfa da hel, ƙwayar nan da suke sa wa gahawa, da wani ɗan tsami can ƙasa mai sa ka ƙara kurɓa. 'Yar uwar kunun zaƙi ce, sai dai ta fi shi laushi, ba ta tsayawa a maƙogwaro. A nan na yafe wa Baba duk shekarun da ya yi yana raina mana zoɓo.

To, kun san halinmu da tsaraba. Ba ma jiran ranar tafiya. Da ka ga abu ka saya, ka tura shi can ƙasan akwati, ka danne da zannuwa, ka ja zif ka sa kwaɗo. Da na ji an ce masu subiya ɓacewa suke yi, sai na zame na koma ni da matar wana muka sayo fararen ledoji masu yawa. Ban gaya wa ƙanena ba, don tun zuwanmu yake mitar nauyin kaya da kilon jirgi. Na jera su tsakanin abayoyin da na saya wa 'yan uwa, na rufe. Ni kuma ba na shiri da sanyin na'ura, da rana kashe ta nake yi a ɗakinmu. Akwatin ya yi kwanaki a lungu yana shan zafin Riyad.

Ina kishingiɗe bayan azahar na ji "fus!", sai kuma "tum!" Matar wana ta zabura tana salati. Na buɗe akwati, innalillahi! Ledoji sun kumbura kamar cikin akuya, biyu sun fashe, kumfa na bin abayoyi. Warin kuwa, duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan burkutu ya san shi. Kafin mu yi wani abu ya cika falo ya fita har matakala.

Ana haka ƙanena ya dawo daga aiki. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ruga ya buɗe taga, ya tuna maƙwabta, ya sake rufewa.

Ya ce, "Yaya, me kika yi? A ƙasar nan in aka ce ana haɗa giya a gidana, iƙamata ta tafi, aikin ya tafi, kafin in yi bayani an sa mu a jirgi."

Iƙama ita ce takardar zamansa, ita ce kuma abincin gidansa da maganin Baba. Muka yi ta tuttula ledoji a bayi muna kora ruwa, mai jego na kunna turaren wuta, ni ina dirzar akwati ina hawaye. Tsoro daban, baƙin ciki daban, don ina kallon subiyar Baba na bin rariya.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe mai gadin benen ne, wani dattijo mutumin Maraɗi da muke gaisawa kullum. Ya shaƙi iska, ya dube ni da hannu duk kumfa, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, "Hajiya, subiya kika ɓoye, ko? Mafi mushkila, ba komai, ba ke kika fara ba. Duk shekara sai wani baƙo namu ya yi."

Na ba shi labarin Baba a tsaye a bakin ƙofa. Ya daina dariya. Ya ce ko a firji ba ta wuce kwana biyu zuwa uku ba ta juya, balle a akwati, kuma ko ta tsira ba za a bar ni in hau jirgi da ita ba. Amma akwai wata 'yar Damagaram a Gubaira da ta yi shekaru tana aiki a gidan mutanen Makka, ita take yi wa 'yan uwa tasu duk azumi. Ya ce gobe in ya tashi aiki zai raka mu.

Gubaira ba ta da ƙyalƙyalin tsakiyar gari. Garejin gyaran mota, masu walda, ƙananan gidaje, kuma kana tafe kana jin Hausa na tashi daga lunguna har ka manta inda kake. Matar, kowa Gwaggo yake ce mata, ta tarbe mu kamar ta shekara tana jiranmu. Da mai gadi ya ba ta labarin akwati ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ma farkon zuwanta a ƙarƙashin gado ta ɓoye tata. Ta zaunar da ni gaban roba ta ce in naɗe hannun riga. A ɓarza sha'ir, a haɗa da busasshen burodi, a zuba ruwa, a jefa kirfa da hel, a rufe a inuwa kamar yini da kwana. Sannan a tace da kyalle mai laushi, a sa sukari da ƙanƙara.

Ta ce, "'Yata, hancinki ne agogo. Da kin ji ɗan tsamin nan ya taso, tace ta, kada ki ce bari in gama wanke-wanke. Katsina ta fi ɗakin nan zafi, za ta yi miki sauri. Kuma a shanye a ranar, abin da ya rage ki aika wa maƙwabta."

Na ce ai kamar gasarar kunu. Ta ce yauwa, ashe 'yar gida ce. Na koma wurinta har sau biyu, na yi da hannuna tana kallo. Da na ciro abin hasafi ta ture hannuna, ta ce in dai ce wa Baba wata baƙuwa a Riyad tana gaishe shi, ya sa ta a addu'a.

Ana jibi za mu taho muka shiga kasuwar Utaiƙa. Dabino tsibi-tsibi iri-iri, kowane mai shago na miƙo maka ka ɗanɗana, da azumi kuwa sai dai ka haɗiyi yawu ka ce "shukran". Na sayi sha'ir da kirfa da hel, busassun kaya masu zama lafiya a akwati. Ƙanena da kansa ya zazzage kayana ya duba kafin ya yarda ya ja zif.

Mun iso gida ana saura 'yan kwanaki Sallah. Baba ya ƙara ramewa. Ya dubi hannuna, ya ga ba komai. A daren na jiƙa. Washegari na zama kamar mai gadin tukunya, in buɗe in shinshina in rufe, har matar wana ta ce zan shaƙe ƙamshin duka. Kafin la'asar tsamin ya taso, na tace.

Ba ya azumi, amma ya ce sai an kira salla zai sha tare da kowa. Na tallafo shi na kai masa kofi baki. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, har ya ga ƙasan kofin.

Ya ce, "Ba ita ba ce."

Na fara tunanin ko kirfar ce ta yi yawa.

Ya ce, "Waccan, Innarku ce ta fara kurɓa, sannan ta miƙo min." Ya kalli kofin. Can ya ce, "Ƙaro min, Uwata. Akwai ɗan tuwo?"

Na fita da kofin, a kicin na yi kukana, sannan na zubo masa har da tuwon.

Abin da na koya a tafiyar nan, na ga gari mai tsari da mutane masu kyauta, na kuma ga 'yan uwanmu na can sun riƙe zumunci fiye da mu da ke gida. Na koyi cewa ba kowace tsaraba ake kullewa a akwati ba, don saura kaɗan in jawo wa ƙanena asarar da ba zan iya biya ba. Yanzu duk bayan kwana biyu ina jiƙa sha'ir. Har yau Baba bai taɓa cewa ta yi ba, bai kuma taɓa rage ko kurɓi a kofin ba.