Ranar da Aka Nemi Mahaifiyata Ta Faɗi Sunana

Shekarun baya, lokacin da ake tsakiyar tsuke bakin aljihu, ana ta sallamar ma'aikata, buhun gero ya gagari malamin makaranta, wani gidan rediyo ya yi jarrabawar ɗaukar masu karanta labarai, na shiga na ci. Har yau ban san yadda aka yi ba. Aka ce in kawo takarduna kafin ƙarshen wata, ciki har da takardar shaidar haihuwa mai hatimin ƙaramar hukuma. Wanda bai kawo ba, a ba na bayansa gurbin. Na bayan nawa kuwa ba kaɗan ba ne.

Ni a ƙauye aka haife ni, arewa da Kano. Ungozoma ta yanke cibiya, liman ya raɗa suna, aka ci tuwo aka watse. Babu wanda ya rubuta komai.

Na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu, na sami magatakarda, wani dattijo mai tabarau, a bayan tsohuwar tafireta. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce an kama takardun bogi kwanan baya, saboda haka an kafa sabuwar doka: dole uwa ko uba ya zo da kansa, ya faɗi cikakken sunan ɗansa a gaban shaida, ya dangwala yatsa.

"Mahaifinka fa?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Mahaifiya?"

"Tana nan da ranta."

"To ai magana ta ƙare. Kawo ta."

A wurinsa ta ƙare, a wurina yanzu ta fara. Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba lalle su gane nauyin wannan ba. A gidajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Tun daga yaye aka miƙa ni ga kakata, ita ta riƙe ni har ta rasu. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, ko "yaron nan". In na gaishe ta, gefe take kallo ta amsa. In ta dafa abin da ta san ina so, sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa yayanki, kada ya lalace." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, haka aka tarbiyyantar da ita. Ga kuma wani nauyin: cikakken sunana ya haɗa da na mahaifina, sunan miji kuwa shi ma ba ya fita daga bakinta.

Na fara kai kawuna. Magatakarda ya ba shi kujera, suka sha hira a kan tsadar taki, amma ya ce in dai uwa na raye, kawu ba ya tsayawa. Wani abokina ya ce, "Kai ma da gaskiyar tsiya. Da ka ce ta rasu ai da tuni an gama." Na ce masa a'uzubillahi. Ya ce, "To sai ka je ka karanta wa awaki labarai."

Da yamma na tsuguna a ƙofar ɗakinta tana tankaɗe. Na jero bayani tiryan-tiryan, ina kallon bango, kamar mai karanta sanarwar gwamnati. Ba ta ɗago ba. Da na gama sai ta ce, ba da ni ba, da rariyar da ke hannunta, "Su mutanen ofis ɗin ba su da 'ya'yan fari ne?"

Na tashi na tafi, na cire rai. Washegari da safe na fito sai na gan ta a zaure, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Ta ce wa iska, "Rana na yi."

Ana wahalar fetur, motar kasuwa kaɗai muka samu. Ta shiga can ciki tsakanin buhunan gyaɗa, ni na maƙale a baya. Wanda ya gan mu ba zai ce tare muke ba.

A ofis ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Magatakarda ya kira wani ma'aikaci ya zama shaida, ya gyara tabarau.

"Baiwar Allah, wannan ɗanki ne?"

"Haka suke cewa."

Shaidan ya ƙunshe dariya. Magatakarda ya ce, "To su suna cewa. Yaushe aka haife shi?"

A nan ta ba ni mamaki. Ta ce shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero na cikin ɗaukar ciki, aka yi babban fari. Ranar Laraba ce da hantsi, bayan ƙaramar Salla da kaɗan. Ta ce babu rago a garin, bunsuru aka samo daga Shanono. Ta ce saboda yunwa ruwan nono ya ƙi zuwa, sai madarar akuya ake ɗiga wa jaririn da auduga, kuma mata sun yi ta ce mata ta haƙura, ba zai yi rai ba. Duk wannan tana faɗa ne tana kallon ƙasa, kamar labarin ɗan maƙwabta. Ni ban taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

Magatakarda ya lissafa shekarar ya buga. Sannan ya ce, "Saura suna. Nasa da na mahaifinsa."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baiwar Allah, na san abin da nake roƙonki," in ji shi. "Ni ma a irin gidan na tashi. Amma in na rubuta abin da kunnena bai ji ba, ga shaida nan zaune, kuma kin ga yadda ake korar mutane."

Na dubi yatsunta suna murza bakin mayafi, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Malam, a bar shi. Inna, tashi mu tafi." Da muryar jarumi na faɗa, amma Allah ya sani ina kallon aikin yana kuɓuce mini.

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Malam, ka ce wa wannan ya je ya sayo mini goro. Ba na bakin ƙofa ba. Na cikin kasuwa."

Na tafi. Kasuwar da nisa, kuma ban yi sauri ba. Da na dawo, takarda na kan tebur da hatimi, babban yatsanta ya yi shuɗi. Magatakarda ya miƙo mini, ya rage murya.

"Ta faɗa. Duka biyun." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Ka riƙe aikin nan da kyau, yaro."

A hanyar tasha ta tsuguna ta ɗebi ƙasa tana goge yatsa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wannan tawadar tasu tana fita kuwa?"

Na kai takarda a kan lokaci, na kama aiki, a cikinsa na tsufa. Da farko abin ya tsaya mini a rai, cewa baƙi biyu sun ji sunana a bakin mahaifiyata, ni ban ji ba. Daga baya na gane ba hana ni ta yi ba. Ta ba da abin da aikin yake nema, ta riƙe abin da ya rage mata na kunyarta, kuma ban ga yadda za ta yi fiye da haka ba. Ni ina kiran nawa ɗan farin da sunansa, har a tsakar kasuwa, amma ban taɓa jin na fi ta son ɗa ba.

Sai bayan rasuwarta ƙanwata ta gaya mini cewa ba ta taɓa barin labaran yamma su wuce ta ba. Takan zauna kusa da rediyo ta saurara daga farko har ƙarshe, ta hana kowa magana. Idan na zo rufewa, daidai inda zan faɗi sunan mai karantawa, sai ta miƙa hannu ta rage murya, ta ce a je a duba tukunya.