Kukan Kare a Gindin Tsamiya

Duk sanda ruwa ya ɗauke na ji warin jiƙaƙƙen ganye yana ruɓewa, sai gabana ya faɗi, ko da a kan sallaya nake. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, zan gaya maka dalili a hankali.

A Kakuri na tashi, zamanin da jiniyar masaƙa ke tayar da unguwa. Gidan haya ne, mu da wani bawan Allah Kirista daga kudancin jihar, ma'aikacin masaƙa, da iyalinsa. Bayan ɗakunanmu akwai fili kewaye da langalanga, da tsohuwar tsamiya a kusurwa, mangwaro ya jingina da ita. Ni ce babbar 'ya, don haka sharar wurin tawa ce. Kowace safiya in tara ganye in cinna masa wuta.

Maƙwabcin namu yana da jan kare. Sun yi magana da Baba tun farko cewa kare ba zai shigo tsakar gida inda butoci suke ba, filin baya ne nasa. Aka kifa masa rabin tsohon duro a gindin tsamiya, kowa ya zauna lafiya.

Da bazara ta kama, karen ya ƙi ɗakinsa. Sai ya ja sarƙarsa iyakar tsawonta, ya tsaya yana kallon ƙasa, gashin wuyansa a tashe, yana wani siririn kuka mai jan rai. Da rana tsaka fa. In na doshi gindin bishiyar da tsintsiya sai ya sha gabana da haushi, abin da bai taɓa yi mini ba.

Kakata ta leƙa, ta ja da baya tana a'uziyya. "Kare na ganin abin da ba mu gani," in ji ta. "Masu wurin ne suka dawo. Ke, kada tsintsiyarki ta sake taɓa gindin tsamiyar nan. Ba a yi wa mutanen ɓoye shara, balle wuta."

Haka ganye ya yi ta zuba yana hawa kan ganye. Damina ta sauka, wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana tashi da wari. Baba ya rubuta ayoyin tsari a allo, ya wanke, ya yayyafa. Kukan bai tsaya ba. Matan layinmu suka fara cewa irin wannan kuka rai yake kira. Inna kuwa sai idonta ya koma kan ƙanena, wanda ya fara tafiya, kuma ba abin da yake so kamar mangwaron da ke faɗowa a baya. Kaka takan riƙo rigarsa ta ce, "Angona, zauna nan, amaryarka ta fi mangwaro zaƙi."

Wata la'asar Baba ya tari maƙwabcin a ƙofar gida. "Maƙwabci, ba don raini ba. Tsohuwa ta kasa sukuni, iyalina ma haka."

"Malam, karen nan ba ya ƙarya. In ya ce akwai abu, to akwai."

"Ai abin da muke tsoro ke nan."

Mutumin kirki ne. Ranar Lahadi da ya dawo daga coci, ya ɗaura wa karen igiya ya kai shi ƙauyensu. Gida ya yi tsit, Kaka ta yi hamdala. Ba wanda ya tuna cewa haushin nan ne ke korar yaro daga gindin tsamiya.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina wanke-wanke, na ji wata ƙara kamar tulu ya nutse. Ƙofar baya a buɗe take. Na ga ƙanena ya shige ƙasa har ƙirji, ganye yana zamewa ta gefensa cikin wani baƙin rami, saiwar tsamiya ce kawai ta maƙale rigarsa. Ko kuka bai yi ba. Ni na yi ihun.

Maƙwabcin ya dawo daga aikin dare ke nan. Ya fizge ƙyauren ƙofar, ya shimfiɗa a kan ganyen, ya ja ciki ya fizgo yaron. Muna tsaye sauran ƙasar ta rufta, sai can muka ji faɗuwarta cikin ruwa.

Tsohuwar rijiya ce tun kafin a gina gidan. An rufe ta da katako an zuba ƙasa, gara ta cinye katakon. A kanta karen yake kwana, yana jin ƙasa tana zuba a ƙarƙashinsa, shi ya sa ya ƙi ɗakinsa. Da ana share wurin, da an ga tsagewar.

Kaka ta daɗe rungume da yaron. Can ta ce, "Ashe gaskiya yake faɗa. Hausarsa ce ba mu ji ba." Ta roƙi a dawo da shi. Maƙwabcin ya ce ya tsinke igiya a ƙauye, ba a sake ganinsa ba.

Da shara da ɓaraguzai aka cike ramin. Bara na bi ta layin a cikin keke mai ƙafa uku. An sare bishiyoyin, an daɓe filin da siminti, yara suna tsalle a kai. Duk manyan da suka san wurin sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na sauka na gaya wa mai gidan na yanzu cewa akwai tsohuwar rijiya a ƙarƙashin simintin nan. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai wannan tsohon zance ne."

Na ce Allah ya tsare. Har yau ina sa yaran nan a addu'a.