Ranar da Inna Ta Je Sabon Gari Kushe Ɗanta

Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari har a gaban kaji. In ya shigo gidanmu na Fagge sai ta juya fuska, in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan ya yi gemu, yana koyarwa a sakandare. Mu mun saba, ko a jikinmu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, matasan unguwa suka tsayar da shi takarar majalisar dokokin jiha. Mazaɓar ta haɗa Fagge da Sabon Gari, kuma kowa ya san ba a cin kujerar sai da ƙuri'un matan kasuwar Sabon Gari. Ni na ajiye keken ɗinkina na shiga yawon kamfe har muryata ta dushe. Inna kuwa ko kallon fastarsa ba ta yi.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga Madam, ƙawar Inna, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja, haifaffiyar Kano da Hausarta ta fi tawa. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Hajiya, akwai matsala. 'Yan hamayya suna yaɗawa a kasuwa wai kin sallama ɗanki, ko sunansa ba kya faɗa. Ni na san al'ada ce, na yi bayani har bakina ya gaji. Amma a wurinmu uwa ita ke fara rawa in ɗanta ya tashi. Mata sun ce wanda uwarsa ba ta so, su ma ba sa so."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan zuba, Inna ta harare ni na haɗiye. Sannan ta ce da Madam, "Yaushe ne matan kasuwar naku za su yi taro?"

Ran Alhamis muka tafi a tasi. A hanya ina ta koya mata abin faɗa: mai gaskiya, mai ilimi, mai son jama'a. Ta ce, "Ke, rufe min baki. Ni zan tsaya gaban mutane in yabi abin da na haifa?" Na ce a raina shi ke nan, kujera ta tafi.

A farfajiyar wata makarantar coci aka yi taron. Mata cike da bencuna, ɗaurin ɗankwali kamar za a yi gasa. Madam ta tsaya kusa da Inna don ta fassara wa waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Wata mai sayar da busasshen kifi ta miƙe ta ce, "Mama, tambaya ɗaya. Ɗanki ne ko ba ɗanki ba?"

Inna ta gyara mayafi ta ce, "An ce a gidana yake kwana."

Na ji kamar in nutse. Sai ta ci gaba, idonta a kan takalminta.

"Ni ban zo in ce ku zaɓe shi ba. Yaron nan wahala ne. Bai iya cin abinci shi kaɗai ba, kullum sai ya kwaso min mutane daga tashar jirgi, in kwana ina kankare tukunya. Ga taurin kai. Da damina in kwata ta toshe, shi ne a ciki tsamo-tsamo da farar shaddar da aka goge masa, kuma ba ma kwatar layinmu ba. In an aike shi kasuwa sai la'asar, ya tsaya rabon faɗan da ba nasa ba. In kuna son irin wannan, ku ɗauka, ni ma in huta."

Kafin Madam ta gama fassara wuri ya kaure da dariya. Mai kifi ta buga cinya ta ce, "Nawa ma haka yake, Mama!" Wata daga baya ta ce ai kwatar gaban shagonta ce, ta gane shi. Suka taso da waƙa da tafi suka kewaye Inna, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska tana cewa, "Ku bari, ku bari mana." Ni dai kuka nake ina dariya, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ya ci zaɓen. Ƙudurin farko da ya kai zauren majalisa na magudanan ruwan Sabon Gari ne, kuma daga baya ya sake cin kujerar. Amma abin da ya fi zama min a rai shi ne ranar rantsarwa, da ya dawo gida da rana tsaka, 'yan acaɓa na ta hon a ƙofar gida. Ya shigo da babbar riga ya durƙusa a bakin ɗakin Inna ya ce, "Inna, an rantsar da mu. Na ji abin da kika je kika faɗa a kaina."

Ta juya fuska bango kamar kullum, ta ce da ni, "Tambayi yaron nan, wanne ne ƙarya a ciki?"

Ya ce, "Babu."

Ba tare da ta waiwayo ba, ta miƙo hannu ta baya tana lalube har ta sami kansa, hularsa ta faɗi ƙasa. Ta dafa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.