Aiken da Yaya ya yi mini zuwa Lyon

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Belleville, ni da ɗana da ke aiki a Paris. Aike ne ya tashe ni. Yayana da ke Damagaram ya ji ƙishin-ƙishin cewa 'yarsa da aka turo karatu Lyon ta ajiye boko ta kama goge. Ya ce tunda ina ƙasar, in je in gani da idona. In gaskiya ne, in ce mata ta haɗa kayanta ta komo gida.

Metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu babbar tashar jirgin ƙasa. Can na sha shayi a ɗan kofin da bai kai ludayi ba, aka karɓi yuro uku, na yi salati. Jirgin kuwa awa biyu ya yi, gonaki na wucewa kamar ana janye tabarma, ban hango manomi ko ɗaya a duƙe ba.

'Yar Yaya ta tarye mu a unguwar Bron da ke gefen Lyon, da hijabinta. Muka ci shinkafa da kaza a ɗakinta, sannan ta jawo wani baƙin akwati ta buɗe. Goge ne, jama'a, sai dai na katako, mai tsirkiya huɗu. Ta ce alto sunansa.

"Baffa, kafin ka ce komai, zo ka ga malamata."

Na ɗauka gidan rawa za a kai ni, har na ƙudura in tsaya a ƙofa. Sai ga ɗaki tsit kamar zauren karatu, da tsohuwa mai furfura. An ce ta shekara arba'in tana kiɗa gaban jama'a ƙasa-ƙasa, kafin ciwon kafaɗa ya zaunar da ita ta koma koyarwa. Takarda ce a gabansu, layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige, kamar an watsa wasulla babu baƙaƙe. Ashe kiɗan ma rubuta shi ake yi! Layi ɗaya yarinyar ta yi ta maimaitawa awa guda cur. Yadda malaminmu yake tsare mu kan aya guda, haka na gani, Allah ya gafarta mini kwatancen.

Na sa ɗana ya yi wa malamar tambayar da kowane Bahaushe zai yi: gado ta yi? Kuma wane basarake ko attajiri take wa kiɗa? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ubanta burodi yake gasawa. Ubangida kuwa ba ta da shi, ba ta taɓa wasa kowa ba. Masu saurare zama suke yi, ba rawa ba liƙi, wanda ya yi tari ma harararsa ake yi. Ta jero mini malamanta, wane daga wane, har huɗu. Na ciro takardata ina rubutawa da ajami, ta leƙo ta ce ai nawa rubutun ma ɗige-ɗige ne.

Daga nan ta gimtse fuska. Ta ce duk cikin ɗalibanta wannan take so ta gaje ta, in za mu ɗauke ta mu faɗa yau. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki, maganar da aka aiko ni da ita ta ƙi fita.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Muna isa Belleville na kira Yaya.

"Goge ne, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba irin wanda muka sani ba ne, kuma a gabana ta yi azahar da la'asar kan lokaci. Na kasa ce mata ta bari. In ka ga dole, sai dai ka faɗa mata da bakinka."

Sai ya ce, "Ta rame?"

Na ce a'a.

"To, ce mata ta kira uwarta."

Hukuncin wannan goge na bar wa manyan malamai, ni ban isa ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba zan ƙara karɓar aiken tsinke wa ɗan wani hanya ba tun ban ga inda ta nufa ba.