Kwana Ukun da Inna Ta Yi a Gida

Inna tana tsinke zogale a tsakar gidanmu na Katagum, ƙwarya ta suɓuce daga hannunta na dama. Bakinta ya ɗan karkace, amma tana magana. Har faɗa ta yi mini don na taka ganyen.

Yayanmu yana Azare, shi ne mai mota. Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, sai an je bakin kasuwa wurin mai lema a buga. Na ɗauki mayafi zan fita, Baffa, ƙanen marigayi mahaifinmu, ya tare ni a zaure.

"In ya tambaya ki ce da sauƙi. Ba a tayar wa mutum hankali a waya."

"Baffa, hannunta fa ba ya ɗaguwa."

"Oho, likita muka samu a gida! Yaushe ma aka yaye ki?"

Na je na ce da sauƙi. Yaya ya ce to, Juma'a zai shigo. Ranar Talata ce.

Laraba 'yan dubiya suka cika ɗaki, kowacce da man shafawarta. Inna ta fara neman kalma tana rasawa. Alhamis ta kira ni da sunan ƙanwarta, daga nan ba ta sake kiran kowa ba. Na koma wurin mai lema, ban nemi izini ba. Yaya ya zo da mota ya ɗauke mu.

A asibiti a Azare likita ya yi mini bayani a hankali. Ya ce hanyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, amma ɓarnar ba nan take tsayawa ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka jikkata sukan yi kururuwa kamar maƙiyi ya shigo, garkuwar jiki ta taso, wurin ya kumbura, har lafiyayyun da ke kusa su lalace. Abin yakan ɗauki kwanaki. Na ce da Talata muka zo fa? Ya ce ba zai rantse ba, amma da ya fi so.

Wato muna dama wa baƙi kunu, jikinta yana cin kansa.

Wata huɗu ta yi ba magana, sannan ta rasu. Kwananta ne ya ƙare, ban taɓa musun wannan ba. Amma ranar sadakar uku Yaya ya tambaye ni me ya hana ni gaya masa gaskiya. Baffa yana gefe yana jan carbi. Na jira ya buɗe baki. Bai buɗe ba, ni ma ban buɗe ba, kuma har yau ban yafe wa ko ɗayanmu ba.